Aron Baki A Ci Albasa: Kutsen Shafukan Kafofin Labarai A Lokacin Yaƙi



Da takardar gayyata ta iso mini, na ga kan maganar da aka ɗora mini, sai da na sake duba sunan da ke bayan ambulan, ko an yi ɓatan kai ne. Ni malamin Hausa ne, abin da na sani game da cikin kwamfuta bai wuce cikin cokali ba. To, amma da na zauna na yi nazari sai na ga ashe maganar a gonarmu ta ke. Wanda ya kutsa shafin gidan jarida ba ƙarfe ya je sata ba, ba kuwa waya ba. Baki ya je ara. Bahaushe kuwa ya riga ya yi wa wannan ɗabi'a suna tun kafin a ƙera rediyo, inda ya ke cewa kada ka ari bakina ka ci mini albasa. Wanda ya ci albasar ya yi gaba, mai bakin aka bari da wari.

Bari in fara daga gida. Ina da kawu a Yasore, cikin ƙasar Batsari, ba nisa da Dajin Rugu. Manomi ne, bai yi boko ba, amma ban san ranar da labarin duniya ya wuce shi ba. A da rediyo ce ke rataye a wuyansa. Yanzu rediyon tana nan, sai dai ta sami kishiya, watau wayar jikansa, wanda ke karanta masa abin da ya fito a Facebook, ya kuma kunna masa muryoyin da ake turowa ta WhatsApp. Na lura duk lokacin da yaron ya karanta masa wani abu, tambayarsa guda ce: "Wa ya faɗa?" In aka ce masa wane ne na bakin kasuwa, sai ya kaɗa kai ya ci gaba da abin da ya ke yi. In kuwa aka ambaci sunan ɗaya daga cikin manyan gidajen rediyon nan da ya shekara 40 yana saurare, to, magana ta zauna. A kan wannan suna zai yanke shawara ko a tafi gona gobe, ko a ci kasuwar Batsari, ko mata da yara su kwana a gida ko su kwana a wani gari. Wannan yarda ta kawuna, ita ce dukiyar da ɓarawon da za mu yi magana a kansa ya ke nema.

A ƙasar Hausa ta dauri an san darajar wannan dukiya, an kuwa kewaye ta da ƙaya. Sankira ko mai shela in ya tsaya a kasuwa ya ce Sarki ya gaishe ku, ba bakinsa ake ji ba, bakin Sarki ne, kowa kuwa ya san fuskarsa ya san gidansu. Wasiƙar Sarki ba ta tafiya sai da hatimi. Tambari ba kowa ke mallakarsa ba, ba a kuwa buga shi don nishaɗi, domin in ya yi ƙara gari duka zai tashi. Abin sha'awa, wannan kalma ta tambari ita ce Hausar yau ta ɗauka ta ba alamar da gidan jarida ko kamfani ke maƙalawa a jikin kayansa. Ban san wanda ya fara wannan aro ba da zan yi masa kyauta, gama ya dace ƙwarai: duka biyun alama ce da ke cewa maganar nan daga sama ta fito, a gaskata.

Da zamani ya juyo, jarida da rediyo suka gaji sankira. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne kashe jita-jitar da ke yawo a kan Jamus da Hitila. Ku dubi sunan ma kawai, da'awa ce. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Cikin 'yan shekaru sai ya zamana in mutum ya ce "a rediyo na ji", gardama ta ƙare.

Sojoji ba su yi jinkirin gane haka ba. Ran 15 ga Janairu 1966, bayan an kashe Sardauna, Manjo Chukwuma Nzeogwu gidan rediyon Kaduna ya nufa ya yi shelar dokar soja a lardunan Arewa. Ran 13 ga Fabrairu 1976, da aka harbe Janar Murtala Muhammad, Laftanar-Kanar Dimka ya shiga gidan rediyo na Ikko ya ce gwamnati ta faɗi. A cikin ruɗewa har ya sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, watau ya hana yawon rana ya halatta na dare. Ku riƙe wannan tuntuɓen harshe, za mu komo kansa. Wanda ya fi shafarmu mu Katsinawa shi ne na ran Lahadi 22 ga Afrilu 1990, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da Manjo Gideon Orkar ya kama gidan rediyon tarayya a Ikko ya ce an cire jihohi 5 daga Nijeriya: Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauci. Jihar Katsina a lokacin ba ta cika shekara 3 da kafuwa ba. Ina ɗan firamare, amma ban manta yadda manya suka yi cirko-cirko a ƙofar gida an kewaye rediyo ba. Orkar bai mallaki ko ƙauye guda a jihohin nan ba. Makirfo kaɗai ya riƙe, na 'yan sa'o'i, amma a cikin sa'o'in nan mutane da yawa a Kudu da Arewa sun fara lissafin inda za su kwashe iyalinsu.

Turawa ma sun riga mu. Daren 31 ga Agusta 1939 wasu jami'an Jamus suka yi shigar mutanen Folan, suka afka wa wani gidan rediyo na ƙasarsu a garin Gleiwitz da ke bakin iyaka, suka watsa ɗan gajeren jawabi da harshen Folan, suka bar gawa a ƙofa don ta zama shaida. Kashegari Jamus ta auka wa Folan tana cewa ramuwa ta ke yi.

Abin da ya sake a zamaninmu shi ne kuɗin shiga. Nzeogwu da Dimka da Orkar sai da suka sa wuyansu, suka ɗauki bindiga suka tsaya da ƙafarsu a gidan rediyon, aka ji muryarsu aka san su. Yau kowane gidan jarida yana da ƙofa ta biyu, watau shafinsa na Facebook ko na Twitter, wanda aka sake wa suna X a 2023, kuma sau da yawa masu shiga ta wannan ƙofa sun fi masu sayen jaridar yawa nesa ba kusa ba. Makullin ƙofar kuwa kalmar sirri ce, 'yan haruffa da ba su wuce a rubuta a tafin hannu ba. Wanda ya same su, ko yana wata nahiya, ya zama edita.

Yaƙin basasar Siriya, wanda ya ɓarke a 2011, shi ya fara nuna wa duniya girman abin. Wata ƙungiya mai goyon bayan Bashar al-Assad, mai kiran kanta Rundunar Lantarki ta Siriya, ta ɗauki kafofin labaran Yammacin duniya a matsayin abokan gaba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Cikin Agusta 2012 aka shiga shafin kamfanin dillancin labarai na Reuters aka liƙa hirar ƙarya da wani jagoran 'yan tawaye, wai mayaƙansa suna janyewa daga Halab. Cikin Maris 2013 aka ƙwace wasu shafukan Twitter na BBC, har da na hasashen yanayi, aka yi ta zuba ba'a ga ƙasashen da ke adawa da Assad. Jaridun Guardian da Financial Times su ma sun sha.

Babbar ta'asar ta zo ran 23 ga Afrilu 2013. Da misalin ƙarfe 1 na rana agogon Washington, shafin Twitter na kamfanin Associated Press, mai mabiya kusan miliyan 2, ya fitar da layi guda: wai an sami fashewa biyu a Fadar Shugaban Amurka, Barack Obama ya ji rauni. Ku tuna kwana 8 ke nan da tashin bama-bamai a wurin tseren gudu na birnin Boston, zukata ba su kwanta ba. Cikin minti 2 zuwa 3 ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jari ya faɗi da maki fiye da 140, aka ƙiyasta darajar da ta zube a kan dala biliyan 136, kafin a ƙaryata labarin kasuwa ta farfaɗo. Wani ɓangare na cinikin nan ma ba mutane suka yi shi ba, na'urori ne da aka koya wa karanta kanun labarai su sayar nan take. Na'urar ta yi irin tambayar kawuna, wa ya faɗa, aka ce mata Associated Press, ba ta ƙara tambaya ba.

Yaya aka yi suka shiga? A nan ina da ƙorafi a kan kalmar da muka zaɓa. Mun ce kutse, daga kutsawa, kamar wanda ya sa kafaɗa ya ture kyaure. Galibi ba haka abin ya ke ba. Abin da ya faru da ma'aikatan Associated Press, da na wata jaridar barkwanci ta Amurka mai suna The Onion wadda ta fito ta bayyana yadda aka yi mata cikin Mayu 2013, shi ne saƙon imel ya zo musu kamar daga abokin aiki, yana cewa ga wani labari nan ku duba. Da mutum ya taɓa, sai a kai shi wani shafi mai kama da na shiga akwatin saƙonsa sak, a ce ya sake rubuta kalmar sirrinsa. Ya rubuta, ya miƙa makulli da hannunsa. Daga akwatinsa kuma sai a aika wa sauran ma'aikata irin saƙon, su kuwa ba za su yi shakka ba tun da daga ɗan gida ya fito. Maharbin Hausa ya san wannan dabara: ya ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana rausaya har ya iso cikin garken namun daji. Da ni za a bi, shigar burtu za mu kira wannan, mu bar kutse ga wanda ya fasa da ƙarfi. Bayan abin da ya sami Associated Press da wata guda, Twitter ta fito da tsarin tabbaci na biyu, inda bayan kalmar sirri sai an aiko wa mai shafi wata lamba a wayarsa. A 2016 kuma Amurka ta tuhumi mutum 3 da zama 'yan waccan ƙungiya.

Ba kullum ne mai laifin ke sa hannu da sunansa na gaskiya ba. Daren 8 ga Afrilu 2015 tashoshin telebijin na TV5Monde na Faransa, waɗanda ake kallo har a Maraɗi da Yamai, suka yi baƙi ƙirin, shafukansu na Facebook da Twitter suka cika da saƙonni da sunan ƙungiyar da ke kiran kanta Daular Musulunci. Duniya ta gaskata, domin Faransa na yaƙi da ƙungiyar a Iraƙi, kuma wata 3 ke nan da harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo. Bayan wata 2 masu bincike na Faransa suka karkata ga wata ƙungiyar masu kutse da ake dangantawa da leƙen asirin sojan Rasha. Aro biyu ke nan a faifai guda: an ari bakin gidan telebijin, an kuma ari rigar wani mai laifin. Gleiwitz ce ta dawo da sabon kaya.

Na Ƙatar ya fi kowanne tsada. Daren 23 wayewar 24 ga Mayu 2017 aka liƙa wasu maganganu a shafin kamfanin dillancin labarai na gwamnatin ƙasar, aka jingina su ga Sarki Tamim bin Hamad, wai yana yabon Iran. Gwamnatin ta ce kutse ne tun kafin gari ya waye, amma gidajen telebijin na maƙwabta suka ci gaba da maimaita maganar. Ran 5 ga Yuni Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Ƙatar, suka rufe mata iyaka ta ƙasa da sama da ruwa, ba a sasanta ba sai Janairu 2021 a garin Al-Ula. Rigimar da ma tana ƙasa tana dabo. Labarin ƙaryar ashana ce kawai. Wannan darasi ne babba: ƙaryar da aka shuka a bakin amintacce ba ta tsiro sai ta tarar da ƙasar da aka riga aka jiƙa da zargi.

A yaƙin Rasha da Yukren abin ya ƙara hawa mataki. Ran 16 ga Maris 2022 aka kutsa tashar Ukraine 24, rubutun da ke gudana a ƙasan allo ya ce Shugaba Zelensky ya umurci sojojinsa su ajiye makamai, aka kuma saki wani hoton bidiyo da na'ura ta ƙera da fuskarsa da muryarsa yana faɗin haka. Aikin bai yi kyau ba, kan ya fi jikin girma, shi kuma ya fito nan da nan ya ƙaryata. Ran 5 ga Yuni 2023 aka rama wa kura aniyarta: wasu gidajen rediyo a yankunan Rasha na bakin iyaka suka watsa jawabi da muryar da ta yi kama da ta Putin, wai ya kafa dokar soja, har sai da fadar Kremlin ta fito ta ce kutse ne.

Mu dawo Nijeriya. Ran 28 ga Maris 2015, ranar zaɓen shugaban ƙasa, aka kutsa shafin intanet na Hukumar Zaɓe. Ran 16 ga Oktoba 2020, ana tsakiyar zanga-zangar neman rushe rundunar SARS, aka ƙwace shafin Twitter na Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Telebijin ta Ƙasa, aka yi ta watsa saƙonnin masu zanga-zanga da sunanta. Mai tsaron bakin kowa aka ari nasa bakin. Waɗannan ba su jawo asarar rai ba, domin duk wanda ya gani ya san ba hukumar ce ke magana ba, ɓarayin ma so su ke a san su ne. Ɓarawon da ya kamata mu ji tsoro shi ne mai natsuwa, wanda zai rubuta layi guda da irin Hausar gidan, ya koma gefe.

Ku auna wannan da halin da yammacin Jihar Katsina ya shiga. Ba a kira shi yaƙi a takardun gwamnati ba, amma wanda ya kwana a Batsari ko Safana ko Runka cikin shekarun nan ya san sunansa. Cikin Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari a dare guda. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana 4 sai ga murya ta fito da sunan Abubakar Shekau yana cewa mutanensa ne, alhali 'yan bindigar daji ne suka kwashe su, ran 17 ga wata aka sako yara 344. A 'yan kwanakin nan iyaye ba su da abin riƙewa sai abin da waya ta kawo. Rikici ne kuma da ya riga ya raba maƙwabta, Bahaushe manomi na zargin Bafillace makiyayi, shi kuma yana zargin 'yan sa-kai, kowa na zargin akwai mai kai rahoto a cikin gari. A irin wannan ƙasa, a ce yau shafin wani gidan rediyo da aka yarda da shi ya fitar da layi guda cewa mutanen ruga kaza ne suka shigo da maharan jiya, ko an kama mai kai musu rahoto ga sunansa, ko a ce sojoji sun janye kowa ya yi ta kansa. Kasuwar Amurka ta farfaɗo cikin minti kaɗan, kuɗin da suka zube suka dawo. Rugar da aka ƙona kafin la'asar ba ta dawowa da sanarwar gyara.

Mai son yin haka a wurinmu ma ba lalle ne ya wahalar da kansa da kutse ba. Akwai sojan gona, wanda ya fi arha: a buɗe shafi da suna mai kama da na gidan jarida, ko a ɗauki tambarinsu a manna a kan hoto, a rubuta abin da aka ga dama a tura WhatsApp. Jikan kawuna tambarin ya ke gani, ba adireshin shafin ba. Kawuna kuwa ko tambarin ba ya gani, sunan kawai ya ke ji.

Gwamnati ta gwada nata maganin. Cikin Satumba 2021, bayan Zamfara, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninsu, aka hana sayar da fetur a jarka, har sana'ar cajin waya aka dakatar. Dalilin a fili ya ke, a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da masu cinikin kuɗin fansa. Da aka fara maido da layukan cikin Disamba, Batsari da Safana suna cikin waɗanda suka ƙara jira. A daidai wannan lokaci kuma Twitter tana rufe a ƙasar duka, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Ba zan yanke hukunci a kan amfanin matakin ta fuskar tsaro ba, wannan aikin masu shi ne. Ta fuskar labari dai, abin da na gani shi ne jita-jita ba ta mutu ba, babur ta hau. Wanda ya dawo daga Katsina ya zama shi ne jarida, ba mai iya buga waya ya tambayi ɗan'uwansa a ƙauyen gaba ko gaskiya ne, wanda aka kawo wa hari kuma ba ya iya kiran kowa. A 2022 hukumar nan da aka ƙwace wa shafi ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindiga, haka ma kamfanonin da suka nuna shirin BBC a kan na Zamfara. A Nijar, bayan juyin mulkin Yuli 2023, an dakatar da RFI da France 24, aka kuma dakatar da BBC na wata 3 cikin Disamba 2024. Ra'ayina shi ne duk bakin gaskiya da aka rufe, fili aka share wa mai sojan gona, domin kunnen jama'a ba ya zama babu kowa.

Akwai wata ɓarna ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Tun da kowa ya ji ana kutse, kutse ya zama mafaka. Babban mutum ya yi suɓul da baka a shafinsa, gari ya ɗauka, kashegari sai a ce ai kutse aka yi masa. Muryar da aka naɗa ta gaskiya sai a ce na'ura ce ta ƙera. Sannu a hankali mai saurare ya gaji, ya ce duk kanwar ja ce, ya koma gaskata abin da ransa ke so kawai. Wannan ya fi ƙarya guda muni, kuma shi ne ainihin ribar da masu wannan sana'a ke nema.

Ma'aikatan gwamnati da ke nan, musamman jami'an watsa labarai, ku gafarce ni in taɓa ku kaɗan. Na taɓa shiga wani ofishi, ba zan faɗi ko wanne ba, na ga kalmar sirrin shafinsu a rubuce a takarda an manna a jikin bango kusa da kalanda, mutum 6 ke amfani da ita, har da wani ɗan hidimar ƙasa da ya gama ya tafi tun bara. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini, amma doka ba ta kulle ƙofar da masu gida suka bari a buɗe. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa, wanda ya bar aiki a cire shi ranar da ya tafi. A sa tabbaci na biyu, in da hali ba ta saƙon tes ba, domin akan yaudari kamfanin waya a karɓe layin mutum. Saƙon da ya zo da gaggawa yana neman kalmar sirri, ko daga Babban Sakatare ya ce ya fito, a ɗaga waya a tambaya. Sa'an nan a shirya tun yau wa zai yi magana in abin ya faru, da wace kafa. Sanarwar gyara da aka rubuta da Turanci aka liƙa a shafi bayan awa 5 ba ta isa Yasore. Sai da Hausa, da muryar da aka sani, a rediyo, a kuma bi ta hannun hakimai da dagatai da limaman Juma'a.

Ɗalibaina na Hausa, ga rabonku. Na ce ku riƙe tuntuɓen Dimka. Ɓarawon baki yakan sami makulli, amma da wuya ya sami harshen gidan. Waɗanda suka fara shakkar labarin Associated Press 'yan jarida ne da suka lura cewa kamfanin ba ya ambaton shugaban ƙasa da sunansa tsirara ba muƙami, kuma kalmar da ya kan buɗe labarin gaggawa da ita da manyan baƙaƙe ya ke rubuta ta, a nan kuwa ba haka aka yi ba. Salo ne ya tona asiri kafin injiniya ya iso. Haka gidajenmu su ke. Kowanne da yadda ya ke jera sunan mutum da muƙaminsa, da yadda ya ke jingina magana ga mai ita, da irin kalmar da ya zaɓa wa ɗan bindiga, da ko yana sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ ko ba ya sawa. Gidan jarida na ƙwarai ba ya cewa "a yaɗa don Allah", ba ya kuwa rantsuwa. Hausar da na'ura ta fassaro daga Turanci tana da ɗingishinta, takan rikita jinsi, ta sa "ya" inda "ta" ta dace. Muryar da aka ƙera takan yi tuntuɓe a karin sauti da tsawon wasali, ta faɗi fari na launi a inda ake nufin fari na rashin ruwa. Ba na ce wannan zai dawwama ba, na'urorin suna koyo da sauri, kuma da rubutunmu da muryoyinmu su ke koyon. Amma a yanzu kunnen Bakatsine da ya san bambancin Hausar Ruma da ta Kano makami ne, ban kuwa ga dalilin da zai hana ɗaya daga cikinku ya ɗauki salon labaran gidajen rediyon Hausa 3 ko 4 ya yi kundin digirinsa a kai, ya fitar mana da alamomin kowanne a rubuce yadda ɗan jarida da jami'in tsaro za su iya amfani da su ba.

Da na je Yasore gaisuwar salla na ba kawuna labarin abin da ya sami Associated Press, na ce masa har gidan da ya fi yarda da shi an taɓa ƙwace masa shafi. Ya yi shiru, sa'an nan ya kira jikan nasa ya ce daga yau in ya karanta masa abu a waya, kada kowa ya motsa sai an jira labaran rediyo na dare an ji ko za su maimaita. Yaron ya ce, "Baba, in maharan ne fa aka ce suna tafe? Kafin dare ai sun iso." Kawuna bai ba shi amsa ba, ni ma da na ke da digirin ban ba shi ba.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu.